Hoton Yaya da Kwalba a Hannu

Autata ce ta jawo wannan rubutu. A kwalejinsu aka ba su aikin haɗa tsofaffin hotuna a allo guda, na wasanni da tallace-tallacen zamanin da, kowa ya yi na garinsu, a ɗora a shafin ajinsu jama'a su gani. Ta yi kwanaki tana zama a tabarma kusa da murhuna, waya a hannu, kwamfutar aro a cinya, tana tsinto hotuna a intanet tana yankawa tana jerawa. Ni ina tankaɗe ko tsintar wake, ita tana miƙo mini wayar tana tambaya ko na san wannan, ko mun ga wancan a zamaninmu. Na ga majigi da farin ƙyallensa, na ga akwatin rediyo mai rigar fata, da kwalin ashana, da gwangwanin man shafawa irin wanda Inna ke ajiye allura a ciki bayan ya ƙare. Ina ba ta amsa ina dariya, har ta zo kan wani hoto da wani ya ɗauko a bangon shagon tela a Safana. Takardar talla ce ta maganin ƙarfi, ta yi ja don tsufa, gara ta ci gefenta. Saurayi ne tsaye ba riga, warki a ƙugu, ya ɗora wuƙa a cikinsa da hannun dama, hannun hagu kuma ya ɗaga kwalba sama, yana dariya. Ta ce wannan za ta sa a tsakiya domin ya fi duka kyau. Na ajiye rariya. Wanda ke cikin hoton yana zaune a zaurenmu a wannan lokacin, bango ɗaya ne tsakaninmu da shi. Yayana ne, kawunta, kuma hannun nan na hagu da ya ɗaga, ranar ce ta ƙarshe da ya yi masa aiki.

Yaran yanzu talla na biyo su har cikin ɗaki, ta faɗo musu a waya ba sallama. Mu a ƙauyenmu na wajen Wagini sai ranar kasuwar Batsari muke ganin talla, kuma kunne ke fara sanin ta kafin ido. Tun kana kan hanya bayan jakin gero za ka jiyo lasifika na tsaga gari, jakuna su miƙe kunnuwa, awaki su tsinke igiya. Mota ce mai fenti, an ɗaura mata lasifika a ka, wani mai zaƙin baki na rantsuwa cewa sabulunsu na fitar da dauɗar shekara, ko ƙwayarsu na korar ciwon kai kafin ka haɗiye ruwa. Wani lokaci su zo da ɗan rawa a kan rufin motar, yana juyi yana watso huluna da ƙananan sabulai, manya da yara a yi ta turmutsutsu a ƙasa. In sun kwana a gari, bayan magariba su kafa majigi. Mu 'yan mata sai mun gama daka da wanke-wanke da ɗebo ruwa kafin a bar mu, shi ya sa ranar majigi taɓarya ke fin sauri a kowane gida, kana jin luguden unguwa kamar ana tsere.

Amma in zan faɗi gaskiya, wasannin da muke kewa ɗin nan yawancinsu da jini ake tashi. Na ga ɗan dambe an buge shi a muƙamuƙi ya zube, ya tashi yana tofar da haƙori a tafin hannunsa, mata na guɗa. Na ga mahauci ya hau ƙahon bijimi, bijimin ya girgiza shi ya soke shi a cinya, ya maka shi da garun masallaci, aka ɗauke shi a buzu. Na ga samarin Fulani a shaɗi, an tsula wa yaro tsumagiya a haƙarƙari fata ta dare, shi kuwa yana kallon madubi bai ko ƙifta ido ba, uwarsa na gefe ta cusa bakin zane a baki. Masu wasa da kura su zo da ita cikin sarƙa, in ta ƙi tashi su dake ta da kulki har ta yi fitsari, mu kuma muna tafi. Inna ba ta zuwa ko ɗaya. Takan ce ita ba ta gane wasan da sai an zuba ƙasa a rufe jini bayan an watse ba. A lokacin muna ganin tsoro ne ke damun ta. Abu ɗaya dai da nake tunawa shi ne kowane wasa yana da mai tsayar da shi. A dambe akwai dattijon da ke shiga tsakani, a shaɗi akwai manya masu sanda, a hawan ƙaho akwai masu igiya. Jinin yanzu ba shi da mai cewa ya isa.

Yaya ɗan tauri ne tun yana matashi. Wajen wani ƙanen kakanmu ya samo, Baba bai so ba, ya yi faɗa har ya gaji. Ni ban san abin da ke hana wuƙa ci ba. Malamanmu sun ce akwai shirka a ciki, kuma na yarda da su, Allah ya yafe wa wanda ya yi cikin rashin sani. Na dai gani da idona ana gurza masa wuƙa a wuya kamar ana yankan rago, ta bar farin layi kawai, na ga adda ta lanƙwashe a cikinsa. Kowane ɗan tauri yana da takensa a ganga, kuma in aka buga masa, jikinsa ya ɗauki tsuma, ba ya iya zama ko da abinci yake ci. Yaya ya sha barin tuwo a kwano saboda ya jiyo takensa daga wata unguwa. Akwai kuma abin da ko yaron goye ya sani a wajenmu, cewa tauri maganin ƙarfe ne kaɗai. Ɗan tauri na gudun tsagin kara, yana gudun fasasshiyar kwalba kamar kowa. Ba a faɗa a fili, amma ba wanda zai miƙa masa su. Mai tsaron wannan iyaka shi ne makaɗinsu, wani tsoho mai ido ɗaya. In ya ga yaro ya zarce, ko wani ya shigo fili da abin da bai dace ba, sai ya ajiye gula ya kife gangar. Da kiɗa ya tsaya tsuma ke sauka, a riƙe mutum a ba shi ruwa.

Ranar da abin ya faru ina hutun makarantar kwana, Inna ta ɗora mini farantin ƙuli-ƙuli na bi su Yaya kasuwa. Masu maganin ƙarfin nan sun zo daga birni da motarsu da mai ɗaukar hoto, sun nemi a ba su ɗan tauri ya sha maganin a gaban jama'a, a ce shi ya hana wuƙa ci. Kowa ya san ƙarya ce, amma haka talla take, ana dariya ana saye. Tun da hantsi suka sa tsohon ya buga musu taken Yaya suka naɗa a kaset, wai za su riƙa sawa a wasu garuruwa. Tsohon har murna yake, yana ta sa a maimaita masa ya ji gangarsa na fitowa daga akwati. Bayan azahar fili ya cika, mahauta da wuƙaƙensu a ƙugu, masu hatsi, matan Fulani sun sauke ƙoren nono sun tsaya. Yaya ya shiga yana kirari, ya kwankwaɗi maganin, ya ɗaga kwalbar, ya ɗora wuƙa a ciki, mai hoto ya ɗauka. Mahauta suka riƙa miƙo nasu wuƙaƙen, yana gurzawa yana jefarwa. Mai lasifika ya ga kasuwa ta yi daɗi, ya rasa abin da zai ƙara, sai ya karɓi kwalbar ya fasa gindinta a ƙarfen motar, ya ɗaga ta yana cewa ƙarfe dai an gani, yanzu a gwada wannan a ga ƙarfin maganinsu.

Fili ya yi tsit, domin ban da baƙin nan babu wanda bai san abin da ake ciki ba. Tsohon ya jefar da gula, ya kife gangar, ya ɗora ƙafa a kanta. Na ga kafaɗun Yaya sun fara sauka. Sai yaron motar ya ga kiɗa ya yanke ana tsakiyar talla, ya danna kaset. Taken Yaya ya fito ta lasifika, ya fi na ganga ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsohon na ihu yana ɗaga hannu a kashe, ba mai jin sa. Mutane suka nufi motar, wasu suka nufi Yaya, amma ya riga ya fizge kwalbar. Idanunsa sun juye, jikinsa na kaɗawa. Ya miƙe hannun hagu ya ja ta tun daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, da irin ƙarfin da yake jan wuƙa. Naman ya buɗe fari tas kafin jini ya zo, sannan ya yi tsartuwa har gilashin motar. Bai ji ba, ya ɗaga zai ƙara, wani mahauci ya doke shi da gora a kafaɗa ya faɗi. Kaset ɗin na ta bugawa a kansa yana shure-shure a ƙasa, har sai da wani ya hau motar ya tsinke wayar lasifikar da adda. Mai tallar ya faɗa cikin motar, samari suka jawo shi ta taga suka yi ta duka, suka fasa masa baki, suka rotsa akwatunan magani, sai da dattawa suka kwanta a kansa.

Wanda ya ceci ran Yaya abokinsa ne, ɗan Arɗon rugar da ke bayan ƙauyenmu, wanda uwarsa ke kawo wa Inna nono. Shi ya kwance igiyar maraƙin da ya kawo sayarwa, ya ɗaure damtsen tamau, ya sa sanda ya murɗa har jinin ya tsaya, ya goya shi zuwa asibitin gari, maraƙin ya shiga kasuwa ba wanda ya bi ta kansa. Ni na bi su da gudu, ban san inda farantina ya faɗi ba. An ɗinke hannun, amma jijiyoyin sun tafi. Yatsun suka ƙanƙance suka naɗe ciki, hannun ya bushe kamar reshe. Tsohon makaɗin bai sake taɓa ganga ba har ya koma ga Allah. Bayan wasu watanni sai ga takardun tallar sun iso, an manna a shagunan Batsari da Safana, ga Yaya na dariya da kwalba a sama, an rubuta a ƙasa cewa wanda ya sha ƙarfe ba ya cin sa. Baba ya yaga wadda ya iske a shagon mai shayi, amma ba ya iya bin gari gari. Yara kan tsaya a gaban takardar su kalli hoton su kalli hannun. Yaya ya daina zuwa kasuwa shekara da shekaru. Ya ƙone layunsa da warkinsa, ya koma gaban malami da allo yana babba, ya koyi noma da hannu ɗaya, ya yi aure ya haifi 'ya'ya. Ban taɓa jin ya ambaci ranar ba, mu ma ba ma ambata.

Abin da ya kawo shi zaurenmu kuwa, daminar da ta wuce ne 'yan bindiga suka shiga ƙauyen da rana tsaka a kan babura, ana tsakiyar noman maimai. Babban ɗansa na gona tare da shi, suka harbi yaron a ƙirji a gabansa saboda ya ƙi sakin shanun huɗa. Yaya ya yi ta ƙoƙarin ɗaga shi ya kasa, sai jan sa ya yi da wuyan riga a cikin kunyar gona har gindin wata bishiya, a nan ya cika. Sun ƙone rumbuna da ɗakuna, sun kashe na kashewa, sun kora mata daji. Rugar Arɗo ma tun kafin nan wasu fusatattu sun ƙone ta, mutanenta suka watse, ba a san inda suka nufa ba. Yaya ya zo mini Batsari da rigar jikinsa. Tun daga ranar maganarsa ba ta wuce amsa gaisuwa, yana zaune da carbi, abinci sai an yi da gaske. Wannan mutumin ne autata ke shirin sa wa a tsakiyar allo, tsakanin sabulu da rediyo, duniya ta gani.

Na ba ta labarin a taƙaice, na ce ta goge. Ta yi kuka, amma ba ta goge ba. Ta ce ko ta goge nata hoton na nan a shafin wanda ya ɗauko shi, mutane na ta turawa suna sa alamar dariya, gobe wani yaro zai iya shiga zaure ya nuna masa yana tambaya ko shi ne. Na ce a bar goben ta zo, ni dai ba da hannuna ba. Muka kwana biyu ba ma shiri, ranar miƙa aikin na matsowa. Da maigida ya ji, ya ce mu duka mun yi kuskure, fuskar mutum tasa ce, ba ni ke da ikon ɓoyewa ba, ba ita ke da ikon ɗorawa ba, a je a tambaye shi. Na ce ina tsoron abin da ya rage masa na ƙarfin zuciya ya tafi. Ya ce ya sani, amma a tambaye shi.

Bayan la'asar muka shiga zaure da kunun tsamiya. Muka gaishe shi, ya jiki, ya ƙarin haƙuri, ya amsa kansa a sunkuye. Yarinyar ta durƙusa ta yi bayanin aikin makarantar, ta ce in bai yarda ba yanzu za ta goge a gabansa. Ta juya masa kwamfutar. Ta riga ta gyara hoton yadda suke yi, ta sa manhajar ta yanke shi shi kaɗai ta zubar da duk abin da ke bayansa, ta wanke jan tsufan, ga shi fes a tsakiya, majigi a dama, kwalin ashana a hagu. Ni ina kallon hannunsa da ke kan cinya, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ya daɗe yana kallo.

"Wanga ni ne," in ji shi. "Amma ba ni kaɗai nike ba ranar. Ina kika kai mutanen?"

Ta ce ta cire su ne don hoton ya fito, ai duk sun dushe, ba a ganin su sosai.

"Maido su in gani."

Ta buɗe na asalin a waya ta miƙa masa. Ni sau nawa na ga takardar nan a bango ina yarinya, ban taɓa kallon bayansa ba, idona kan kwalbar yake tsayawa. Ashe rabin ƙauyenmu na tsaye a wurin. Ta nuna masa yadda ake buɗa hoto da yatsu biyu, fuskoki suka matso, dishi-dishi amma ana ganewa. Ya nuna wani mai hular saƙi ya ce wannan a masallaci aka harbe shi bara. Ya nuna wani ya ce wannan a daji ya mutu a hannunsu, ba a ga gawarsa ba. Ga tsohon makaɗin da gangarsa a rataye. Ga mahaucin da ya doke shi da gora, ya ce Allah ya saka masa, da bai doke shi ba da hannun gaba ɗaya zai cire. Sai ya tsaya a kan wani dogo mai malfa, igiya a hannu, kafaɗarsa na gugar ta mahaucin. Ya ce ɗan Arɗo ne, ya tambaye ni ko na gane shi. Na ce na gane shi. Ya ce bai san ko yana da rai ba, bai san 'ya'yansa a wane gefe suke ba yanzu, ya dai san bayansa ya jiƙe da jininsa ranar. Rabon da in ji ya jera magana haka tun kafin damina.

Yarinyar ta tambaye shi a hankali ko ta goge nata ɗin.

"Kwalbar za ki fidda in kina iyawa, da rubutun ƙaryar da ke ƙasa," ya ce. "Amma kada ki taɓa mutum ko guda. Garin ga an ƙone shi, ba wanda ya fito da hoto. In za ki ɗora, ki ɗora mu gaba ɗaya."

Ta ce in ta sa hoton da faɗinsa zai cinye allon, sai dai sabulu da rediyo da majigi su koma ƙanana a gefe, kuma malaminsu na iya rage mata maki. Ya ce su koma. Ta zauna nan a gabansa ta goge kwalbar da rubutun a hankali, hannun ya rage a sama ba komai a ciki, ta maido da jama'ar yadda suke da dushewarsu, ta tura sauran hotunan baki-baki, ta nuna masa, ya gyaɗa kai, ta ɗora.

Na tashi zan je in ɗora tukunya, ya ce a bar masa wayar tukuna. Sai dai hannu ɗaya ba ya riƙe waya ya kuma buɗa hoto, don haka ita ta zauna kusa da shi ta riƙe masa. Daga madafa ina jiyo shi yana bin fuskokin ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowa da sunansa da sunan ubansa, yana roƙa masa gafara, yarinyar na cewa amin. Har aka kira magariba bai kai ƙarshen layin gaba ba.